Yadda ake tono labarin faifan garmaho da wasannin makaɗa a tsofaffin jaridu a Kaduna

Waƙoƙin makaɗanmu na da ba su ɓata ba. Suna cikin wayoyin mutane, suna YouTube, masu tura waƙa a kasuwa suna da su jibgi. Abin da yake neman ɓacewa shi ne labarinsu: wace shekara aka ɗauki waƙar, wane kamfani ya buga faifan, nawa aka sayar da shi, a wane fili makaɗin ya tsaya gaban jama'a ya yi ta. Sai a ɗora waƙa guda a Facebook, wannan ya ce ta zamanin Sardauna ce, wancan ya rantse ta lokacin Gowon ce, a kwana ana musu babu mai hujja. Sau da yawa kuwa hujjar tana kwance cikin tsohuwar jarida, kuma mazaunin Kaduna ya fi kowa kusa da ita, domin nan ne hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa, nan takardunta suka taru.

Wannan bayani na ɗalibin da aka ba aikin bincike ne, da mai shirya shiri a gidan rediyo, da ɗan makaɗi ko jikansa da yake son sanin inda mahaifinsa ya taka. Aikin ba ya bukatar digiri. Yana bukatar haƙuri da tsari.

Mataki na farko: ka tafi da tambaya ɗaya

Wanda ya shiga ɗakin jaridu da niyyar neman tarihin kiɗan Hausa gaba ɗaya zai fito da ciwon ido da tari, bai riƙe komai ba. Jaridar da take fitowa kullum, a shekara ɗaya kawai tana iya haura fitowa 300. Don haka ka matse tambayarka har ta zama wadda takarda za ta iya amsawa. Misali: a wace shekara aka fara tallan faifan Ɗan Maraya Jos a jaridun Kaduna? Su wane makaɗa aka ambata a makon hawan dabar FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977? Yaya jarida ta ba da labarin digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata a 1988?

Kafin ka fita, ka raba shafin farko na littafinka gida biyu. Gefe ɗaya abin da ka sani tabbas, ɗaya gefen abin da ka ji an ce. Duk aikinka shi ne kwashe abubuwa daga gefe na biyu zuwa na farko, ko soke su.

Mataki na biyu: ka san jaridun da shekarunsu

Gaskiya Ta Fi Kwabo ita ce uwa. Ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu 1939, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko. Da farko wata-wata take fitowa, daga baya ta koma mako-mako. Da yake da Hausa take, masu karanta ta su ne masu sauraron kalangu da kotso da kukuma: malaman makaranta, ma'aikatan En'e, sojoji, 'yan kasuwa. In makaɗin gargajiya kake nema, da ita za ka fara.

Nigerian Citizen ta Turanci ce, Kamfanin Gaskiya ya fara buga ta a Zariya a 1948. Ranar 1 ga Janairu 1966 New Nigerian ta maye gurbinta, aka dawo da aikin Kaduna, kan titin Ahmadu Bello. Ka riƙe wannan kwanan wata da kyau: in abin da kake nema ya faru kafin 1966, kada ka ɓata lokaci kana tambayar New Nigerian. In bayan nan ne, ita ce ta fi ɗauke da tallan otal-otal da kulob-kulob da sinima na cikin garin Kaduna, musamman fitowar ƙarshen mako.

Akwai kuma ƙananan jaridun larduna da hukumar NORLA, mai samar da littattafai da jaridu a Jihar Arewa, ta buga a shekarun 1950, irin su Bazazzaga ta Zazzau, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato. Mutane suna mantawa da su, alhali su ne suka fi kusa da labarin naɗin hakimi da bikin ƙauye, inda makaɗan fada suke. A shekarun 1980 an samu Democrat da Today a Kaduna, a Kano kuma Triumph da 'yan uwanta na Hausa, Albishir da Alfijir ta ajami. Mujallar Fim ta fara a 1999, shekarar da Shata ya rasu, kuma tana da amfani wajen hira da makaɗan da suka yi tsawon rai.

Kada ka raina jaridun Legas kamar Daily Times. Manyan kamfanonin faifai a Legas suke da ofis, saboda haka jerin sababbin faifan da suka fitar yakan fara bayyana a can.

Mataki na uku: inda kundayen suke

Wuri na farko shi ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa reshen Kaduna, wanda a allonsa aka rubuta National Archives, a kan titin Yakubu Gowon. Bayan jaridu, nan ne fayil-fayil ɗin gwamnatin mulkin mallaka suke: na Sakatariyar Lardunan Arewa mai lambar SNP, da na larduna kamar ZARPROF na Zazzau, KANPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato. Na biyu shi ne Arewa House a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, kuma yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Na uku yana bukatar shiga mota: Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru, Zariya. Fitowar da ka rasa a wuri ɗaya kana iya samun ta a wani, don haka kada ka yanke hukunci cewa babu sai ka zaga ukun.

Ka tafi da katin shaida, da takardar gabatarwa in kai ɗalibi ne ko ma'aikacin gidan rediyo, da fensir, da littafi mai kauri, da takunkumin rufe hanci saboda ƙura, da waya cike da caji. Ka je da safe. Ranar Juma'a gajera ce, kada ka ɗora mata babban aiki.

Yadda ka yi magana da ma'aikacin da ke kan tebur shi ne rabin nasararka. Akwai bambanci tsakanin mai cewa "ina neman abubuwan kiɗa" da mai cewa: "Malam, barka da aiki. Don Allah ina neman Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1972, daga Janairu zuwa Yuni. In babu ita, ko akwai New Nigerian ta wannan lokacin?" Na biyu ya sauƙaƙa wa mutumin, ya san kantar da zai nufa. Ka tambayi dokar ɗaukar hoto da kuɗinta tun a ranar farko, ka biya, ka karɓi rasit. In ka ga dattijon da ya daɗe a wurin, ka gaishe shi da kyau ka gaya masa abin da ya kawo ka. Irin waɗannan mutane sun san kundin da ya cika da wanda ya yi giɓi, ba tare da sun duba rajista ba.

Za a kawo maka jaridun a ɗinke cikin babban kundi mai bangon kwali, mai nauyi, watanni da yawa a haɗe. Takardar ta yi ruwan ƙasa, gefenta yana marmashewa in an taɓa da ƙarfi. Ka shimfiɗa kundin a kan tebur gaba ɗaya, kada rabinsa ya rataya. Ka zura tafin hannu ƙarƙashin shafi ka juya shi a hankali, ba da ɗan yatsa biyu ba. Kada ka lashi yatsa, kada ka naɗe kusurwa, kada ka ɗora littafinka a kan jaridar kana rubutu. In ka tarar shafi ya yage, ka nuna wa ma'aikaci kafin ka ci gaba. Wasu fitowar, wanda ke hannunka yana iya zama shi kaɗai ya rage a garin.

Mataki na huɗu: ka rage shekarun kafin ka buɗe kundi

Waƙar Hausa tana ɗauke da alamun lokacinta in ka saurara da kunnen bincike. Ka sake jin waƙar kana rubuta duk sunan mutum, da sarauta, da gari, da kuɗi, da mota da aka ambata.

Kuɗi shi ne mafi sauƙi. An canja fam da sule zuwa naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973. Makaɗin da yake godiyar naira ba a zamanin Sardauna yake ba. Amma ka yi hattara da ɗaya gefen: mutane sun ci gaba da lissafi da fam shekaru da yawa bayan canjin, don haka jin fam kaɗai bai isa ya tabbatar da waƙar ta girmi 1973 ba. A tallan jarida kuwa babu wannan matsala, farashi yana bin kuɗin da ake kashewa a ranar.

Sai iyayen gida. In waƙa ta ambaci Sarkin Zazzau Shehu Idris a kan gado, ba ta girmi 1975 ba, domin kafin nan Muhammadu Aminu ne sarki tun 1959. Sarkin Kano Ado Bayero ya hau a 1963. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. Jihar Tsakiyar Arewa mai hedikwata a Kaduna an ƙirƙire ta a 1967, Abba Kyari ya yi gwamnanta har 1975, aka sauya mata suna zuwa Jihar Kaduna a 1976, aka cire Katsina a 1987. Ko kalmar Alhaji a gaban sunan makaɗi tana taimakawa, in ka san shekarar da ya sauke farali.

Gwamnatoci sun yi amfani da makaɗa wajen wayar da kan jama'a, kuma kowane yaƙin wayar da kai yana da shekararsa: yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, komawa tuƙi a hannun dama a watan Afrilu 1972, canjin kuɗi a 1973, ilimin firamare kyauta da shirin ciyar da ƙasa a 1976. In waƙarka tana kan ɗaya daga cikin waɗannan, ka samu inda za ka fara: wata uku kafin ranar, wata uku bayanta.

In wasan salla kake nema, ka tuna salla tana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara a kalandar boko. Ka nemi manhajar da ke juya kwanan watan Hijira zuwa na Miladiyya, ka gano lokacin da ƙaramar salla da babba suka faɗo a shekarar, ka karanta mako biyu kafin nan da mako biyu bayan nan. Wannan kaɗai zai rage maka kwanaki na aiki.

Mataki na biyar: yadda ake karanta shafin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu farawa suke yin hasara, domin suna bin manyan kanun labarai. Da wuya makaɗi ya hau shafin farko sai in ya rasu, ko an ba shi lambar girma, ko ya shiga rigima. Labarinsa yana cikin ƙananan wurare, sai an tsince shi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ka fara da talla. Tallan faifai yakan zo a ɗan akwati a gefen shafi ko ƙasansa: tambarin kamfani, kamar EMI ko Decca ko Philips, sai jerin lambobi, gaban kowace lamba sunan makaɗi da sunan waƙa, wani lokaci da farashi da sunan kantin da ake sayarwa. Ka kwafe shi duka, har da makaɗan da ba su dame ka ba. Lambobin faifai suna bin juna, saboda haka sanin shekarar faifan wani yana iya nuna maka shekarar wanda kake nema in lambobinsu suna kusa. Ka duba tallan manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis ma, inda ake tallan garmaho da rediyo da rikoda. Farashin garmaho idan ka gwada shi da albashin da ake tallatawa a shafin neman ma'aikata na wannan fitowar, zai nuna maka su wa suke iya sayen faifai a lokacin. Ranar da ka ga tallan rikoda mai kaset ya fara rinjayar na garmaho, ka rubuta, domin daga nan kasuwar waƙa ta sauya hannu.

Na biyu, jadawalin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Ƙananan haruffa ne, ido yana tsallake su, amma a nan za ka ga lokacin da aka ware wa kiɗan gargajiya da zaɓi-sonka, wani lokaci har da sunan makaɗin da za a sa. Sunan gidan rediyon kansa alama ce: gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962 a ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, sai a 1978 sashen rediyon ya shiga cikin Rediyon Tarayya. Waƙoƙi da yawa da muke ji yau ba a kan faifan kasuwa aka fara ɗaukar su ba, a ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyo ne. Shi ya sa in ka rasa waƙa a tallan kamfanoni, jadawalin rediyo ne wuri na gaba.

Na uku, wasiƙun masu karatu, kuma ni a wurina nan ne daɗin aikin yake. A wasiƙa za ka ji muryar mai sauraro: wani yana ƙorafin an cika sa makaɗi ɗaya an bar na garinsu, wani yana kukan maroƙa sun hana mutane sakat a biki, wani yana kare su. Wasiƙa takan jawo amsa bayan mako biyu ko uku, don haka in ka samu ɗaya, ka bi fitowar da ta biyo bayanta har muhawarar ta mutu. Sunan garin da mai wasiƙar ya rubuto daga shi yana nuna maka iyakar inda sunan makaɗi ya kai a wannan shekarar.

Na huɗu, hotuna da bayanin da ke ƙarƙashinsu. A hoton naɗin sarauta ko buɗe masana'anta ko tarbar baƙo, bayanin yakan ambaci manyan mutane kawai, amma a gefe ga masu kakaki da algaita da tambura, ko mai kalangu rataye a kafaɗa. Ka ɗauki hoton ko da ba a faɗi sunansu ba. Akwai dattawan da za su gane fuskokin.

Na biyar, labaran kotu da sanarwar En'e. Hukumomin gargajiya sun kafa dokokin taƙaita roƙo da kiɗan dare, kuma a zamanin siyasar NPC da NEPU waƙa tana iya kai mutum gaban alƙali. A fayil ɗin Turawa za ka nemi irin wannan a ƙarƙashin kalmomi kamar drumming, praise singers, ko beggar minstrels, domin da wannan sunan Turawa suke kiran maroƙa.

A nan dole mai bincike ya buɗe ido. Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen da New Nigerian duk suna da alaƙa da gwamnatin lokacinsu, kuma 'yan boko ne suke rubuta su, wasunsu ba sa ganin kiɗa a matsayin sana'ar da ta cancanci shafi. Don haka makaɗin fada da na gwamnati sun fi fitowa, na 'yan adawa da na 'yan dambe da na manoma ba su cika samun wuri ba. Mata masu kiɗan ƙwarya da amada, irin layin da Barmani Coge da Uwaliya Mai Amada suka shahara a kai, sun fi kowa rashin rabo, domin wasansu a cikin gida ake yi tsakanin mata, inda ɗan jarida ba ya shiga. Rashin ganin sunan makaɗi a jarida bai nuna ba shi da farin jini ba. Ya nuna inda idon editan yake kallo.

Sai maganar rubutun sunaye. Tsofaffin jaridu, musamman na Turanci, suna rubuta suna yadda kunnen mai rubutu ya ji. Za ka ga Shata da Shatta, Mamman da Muhammadu, Dankwairo a haɗe da Dan Kwairo a rabe, Coge da Choge. Wani lokaci ba a ambaci suna ba sam, sai sarautar kiɗa: Sarkin Taushin Katsina, ko sarkin makaɗan wane gari. Ka rubuta duk siffofin sunan a bangon littafinka don idonka ya saba da su.

Mataki na shida: wasan da aka yi gaban jama'a

Faifai yana barin lamba, wasa kuwa in an tashi ya wuce, sai abin da jarida ta kama. A Kaduna ka sa ido kan wuraren da taro yake: filin sukuwa wanda ya koma Dandalin Murtala, Filin Wasa na Ahmadu Bello, otal ɗin Hamdala, otal ɗin Durbar da aka gina saboda FESTAC, gidajen sinima, da kulob-kulob na ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa da na masaƙun Kakuri. Manyan ranakun da ya kamata ka buɗe sun haɗa da hawan dabar zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, bikin mulkin kai na Arewa a 1959, bikin samun 'yanci a 1960, bikin al'adun ƙasa da Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1972, hawan dabar FESTAC a watan Fabrairu 1977, da bajekolin ƙasa da ƙasa na Kaduna da aka fara a 1979.

Daga tallan wasa ka kwashe rana, da wuri, da lokaci, da kuɗin shiga, da wanda ya shirya, da babban baƙo. Sannan ka duba fitowar kwana biyu zuwa mako guda bayan ranar, ka ga ko an ba da labarin yadda ta kaya. Talla alkawari ne kawai. Wasa yana iya rushewa saboda ruwan sama ko rasuwa ko makaɗin bai iso ba, don haka kada ka rubuta cewa an yi wasa in talla kaɗai ka gani. Ka rubuta cewa an tallata shi.

Kaduna gari ne na kowa da kowa, kuma kiɗanta ma haka yake. A shafi ɗaya kana iya ganin sanarwar ajo ta mai kukuma da tallan 'yan kiɗan zamani masu jita da ƙaho, irin ƙungiyar Bala Miller da ta zauna a garin. Ka kwashe duka biyun. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai ba da labarin daren Kaduna yadda yake ba.

Mataki na bakwai: ka rubuta yadda wani zai iya komawa

Duk abin da ka samu, ka rubuta sunan jarida, da rana da wata da shekara, da lambar shafi, da wurin da kundin yake. Wajen hoto, ka fara ɗaukar saman shafin farko inda sunan jarida da kwanan wata suke, sai shafin gaba ɗaya, sannan ka matso kan abin da kake so. Ka kashe fitilar waya. Da ka koma gida a daren nan, ka sauya sunan kowane hoto ya fara da shekara, sai wata, sai rana, sai jarida, sai shafi. Hoton yankin jarida da ba shi da kwanan wata bai fi jita-jita da komai ba, kuma irinsa ne ya cika intanet.

Mataki na takwas: ka gwada jarida da faifan kansa

In ka samu faifan a gidan dattijo ko wurin masu tsofaffin kaya, ka karanta takardar da ke tsakiyarsa kafin ka yi tunanin sa shi. Akwai sunan kamfani, da lambar faifai, da saurin juyawa, da ƙasar da aka buga shi. Ka karkata shi ga haske, a santsin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar za ka ga wata lamba da aka zana, ita ce lambar ɗauka. Ka rubuta ita ma. Ka gwada lambar faifan da wadda ka kwafo daga talla. In sun dace, ka san faifan yana kasuwa a wannan ranar ko kafin ta. Shafin Discogs na intanet yana da hotunan faifan Najeriya da yawa, yana taimakawa wajen gwada lambobi, amma jama'a ne suke cike shi, don haka shekarar da ka gani a can sai ka tabbatar da ita.

Nau'in faifan ma yana magana. Mai juyi 78 a minti mai nauyi ne, yana fashewa in ya faɗi, kuma gefe ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kusan minti uku. Makaɗin da ya saba kwashe rabin awa a kan waƙa guda dole ya datse ta, shi ya sa waƙar faifai takan bambanta da wadda aka ɗauka a rediyo ko a filin wasa. Ƙaramin mai juyi 45 da babban mai juyi 33 na roba ne, babban yana ɗaukar kusan minti 20 a kowane gefe. Kada ka goge mai juyi 78 da sifirit, yana narkar da shi. Kada ka sa shi a tsohon garmaho mai allurar ƙarfe don gwaji, kowane juyi yana cin layin. Ka ajiye faifai a tsaye, nesa da rana da zafin kwano.

Mataki na tara: ka kai takardar wurin masu abin

Bayan ka tara abin da ya samu, ka buga hotunan a takarda da girma, ka nemi waɗanda suka ga zamanin: tsofaffin 'yan amshi, da sanƙira, da ma'aikatan rediyo da suka yi ritaya, da masu sayar da kaset na da, da iyalan makaɗin. Ka je ta hannun wanda suka sani, ka tafi da goro ko abin da ya sawwaƙa. Kada ka fara da tambayar shekara, dattijo ba da lamba yake riƙe lokaci ba. Ka miƙa masa hoton ka ce, "Baba, ko ka gane wannan wurin? Wa ke riƙe da kalangun nan?" Ka bar shi ya yi magana. In ya ce, "Ai wannan shekarar da aka naɗa wane ce," ka samu abin da za ka koma jarida ka tabbatar. Wajen mata masu amada, a samu mace ta shiga ta yi hirar, ta ce "Inna" ko "Hajiya" ta zauna a tabarma, za ta fito da abin da namiji ba zai taɓa ji ba.

Ka nemi izini kafin ka ɗauki murya, ka kuma faɗa musu inda za ka sa ta. In maganar dattijo ta saɓa wa jarida, kada ka yi gaggawar ƙaryata shi. Jarida ma tana kuskuren suna da rana. Ka rubuta duka biyun, kowanne da inda ya fito. Abin da ya shafi zambo ko tsohuwar rigima tsakanin gidaje, ka auna kafin ka fitar, domin 'ya'ya da jikokin ɓangarorin biyu suna raye, wasu ma a unguwa ɗaya.

Lokacin da za ka fitar da sakamakon, ko a rediyo ko a Facebook ko a kundin digiri, ka sa sunan jarida da kwanan wata a jikin kowane hoto, yadda ko an kwafe shi bayanin zai bi shi. Ka kai wa iyalan makaɗin kwafi, ka bar wani a laburaren da ya taimake ka, ka ajiye naka a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a intanet. Ka haɗa da jerin watannin da ka karanta ba ka samu komai ba, da fitowar da ka tarar babu su a kundi, domin wanda zai ɗora daga inda ka tsaya ya san kundin da zai nema a Zariya da wanda ba sai ya sake buɗewa ba.